Kyaftin Angus Buchanan, Baturen Da Ya Bi Sawun Namun Daji Daga Fanisau Har Bayan Azbin

A cikin littattafan masana halittu na duniya akwai wani ɗan mitsitsin ɓera da ke ɗauke da sunan Hausawa. Ana rubuta sunan nasa Mus haussa, watau ɓeran Hausa, kuma tun daga shekarar 1920 duk inda masana suka ambace shi, ko a Landan ko a Alƙahira ko a birnin Sin, da wannan suna suke kiransa. Nauyinsa bai kai giram 10 ba, launinsa kuwa kamar na jan rairayi, ga farin ciki. A Fanisau aka fara kama shi domin nazari, nan arewa da birnin Kano, kuma wanda ya aika da fatarsa Ingila wani tsohon soja ne mutumin Sikotland, sunansa Kyaftin Angus Buchanan. Tarihin wannan Bature za mu kawo wa masu karatu a yau.

Mai karatu da ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum yana iya cewa ina ruwansa da Baturen da ya zo kamun ɓera. To, sai dai tambayar da ta kawo shi ƙasar Hausa tsohuwar tambaya ce a wurin maharbanmu. Dattawan da suka yi farauta a bakin Gulbin Zamfara sun san cewa mai neman gwanki da kanki da ɓauna kudu yake fuskanta, wajen Gulbin Ka da dazuzzukan Kuyambana, inda itatuwa suka yi duhu, gamba ta rufe mutum. Mai neman barewa kuwa sai ya yi arewa, inda ƙasa ta buɗe, ƙaya ta yawaita. Kowace ƙasa da irin namanta. Abin da Turawan wancan zamani suka so su sani shi ne a ina namun ƙasar baƙar fata suka ƙare, a ina kuma na ƙasashen Larabawa da Turai suka soma. Wannan iyaka aka aiko Buchanan ya nemo.

An haife shi a garin Kirkwall cikin tsibiran Orkney a shekarar 1886. Tsibiran suna can ƙarshen arewacin Biritaniya, ƙasa ce mai iska da sanyi, ba itatuwan kirki, kuma namun dajinta ba su taka kara sun karya ba. Tsuntsayen teku ne arzikinta. Yana saurayi ya haye Kanada, kuma a cikin bazarar 1914 ya shiga kwalekwale ya nausa arewacin lardin Saskatchewan, ya bi kogin Churchill da manyan tafkuna, yana tara tsuntsaye da dabbobi, har ya kusanci filayen da sanyi ya hana itace tsirowa. A can ya ga garkunan wata dabba mai kama da babbar barewa, mai ƙaho reshe-reshe, wadda ake kira karibu, suna gangarowa kudu dubbai bisa dubbai gudun hunturu. Yana cikin wannan daji Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a Turai, labari bai iske shi ba sai bayan watanni. Da jin haka ya katse tafiyarsa, ya fito bisa ƙanƙara da keken da karnuka ke ja, ya tafi ya ba da kansa aikin soja.

A 1915 aka kai rundunarsu, bataliya ta 25 ta Royal Fusiliers, Gabashin Afirka domin karawa da sojojin Jamus a ƙarƙashin Lettow-Vorbeck, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Bataliya ce ta gaurayen maharba da matafiya da 'yan kasada. A cikinta har da shahararren maharbin giwan nan Frederick Selous, wanda harsashi ya kashe a watan Janairu 1917 yana da shekara 65. Zazzaɓi da atuni da yunwa sun fi bindigar abokan gaba yi wa rundunar ɓarna. Buchanan ya shiga yana ƙaramin soja, ya fito da muƙamin kyaftin da lambar jarumta, ga jiki ya sha ciwo. Duk da haka bai bar sana'arsa ba, da zarar an sami sararin yaƙi sai ya shiga feɗe tsuntsaye yana ajiyewa. A 1919 ya buga littafi a kan shekara ukun da ya yi a wannan fage.

Abin lura a nan shi ne, kafin ya cika shekara 32 ya riga ya ga gefe biyu na wani babban al'amari na halitta da idonsa. A arewacin Kanada dabbobi suna da yawan kai, amma ire-irensu kaɗan ne. A Gabashin Afirka kuwa mutum yana iya tsayawa wuri guda ya ƙirga iri goma na masu kofato kafin ya juya. Haka tsarin yake a duniya duka: gwargwadon yadda aka kusanci tsakiyar duniya, inda zafi da ruwan sama suka haɗu, gwargwadon yadda ire-iren dabbobi ke ƙaruwa. Kanada ta ninka Nijeriya faɗi har sau goma, amma dabbobinta masu shayarwa iri 200 ne ko kusa da haka, alhali kuwa littafin da masanin nan Happold ya buga a 1987 ya lissafa wa Nijeriya kimanin iri 250. Barazil da Indunusiya kowaccensu ta haura iri 600. A duniya baki ɗaya an san sama da iri 6,000, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kusan kashi 40 cikin 100 dangin ɓera ne, su kurege da gafiya da beguwa, kashi 20 da wani abu kuma dangin jemage ne. Giwa da zaki da sauran manyan dawa da ake yi wa kirari 'yan tsiraru ne a cikin lissafin. Saboda haka mai son sanin iyakar namun wata ƙasa dole ya durƙusa ya leƙa rami.

Iyakar Da Ta Ɓace A Cikin Hamada

Tun a 1858 wani Bature mai suna Philip Sclater ya duba inda kowane irin tsuntsu yake zaune, ya raba duniya kashi shida. A 1876 Alfred Russel Wallace ya buga babban littafinsa mai juzu'i biyu a kan yadda dabbobi suka watsu a doron ƙasa, ya karɓi wannan rabo, ya ƙarfafa shi da hujjojin dabbobi masu shayarwa. Ga yankin Turai da arewacin Asiya, ga Amurka ta Arewa, ga Amurka ta Kudu, ga Indiya da maƙwabtanta, ga Ostireliya mai dabbobin da ke goyon 'ya'yansu a cikin jakar ciki, sa'an nan ga Afirka kudu da Sahara, wadda suka kira yankin Habasha bisa tsohuwar al'adar Turawa. A wasu wurare iyakar a fili take. Tsakanin tsibirin Bali da na Lombok ruwan bai wuce mil 22 ba, amma da an haye sai a tarar halittu sun soma canzawa. A Afirka kuwa ba teku, sai rairayi. Ƙasashen Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ko da yake a nahiyarmu suke, namunsu sun fi kama da na Turai, har da gadun Turai da jan barewa mai reshen ƙaho. Wallace ya ja layinsa ta tsakiyar hamada bisa ƙiyasi kawai, domin a lokacin ba wanda ya tara dabbobin wurin.

Wannan giɓi ya dami wasu mutane biyu a wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Tring. Na farko shi ne Lord Walter Rothschild, ɗan gidan manyan attajiran banki, wanda ya bar harkar kuɗi ya zuba dukiyarsa cikin gina gidan ajiye halittu, har ya taɓa ɗaura wa jakunan dawa keken doki ya zaga da su a Landan. Na biyu shi ne mai kula masa da tsuntsaye, Bajamushe Ernst Hartert. Shi Hartert ba baƙon ƙasarmu ba ne. A 1885 da 1886, yana saurayi, shi da Paul Staudinger sun taso daga Loko a bakin Binuwai, suka zo Zariya da Kano, kana suka ratsa ƙasar Zamfara zuwa Sakkwato da Gwandu a zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. Daga baya kuma, a 1912, ya shiga Sahara ta gefen Aljeriya har In Salah. Watau ya san gaɓar kudu, ya san ta arewa, tsakiya ce ta rage masa. A tsakiyar nan kuwa akwai duwatsun Azbin, waɗanda Barth ya ratsa a 1850 amma ba wanda ya taɓa tara halittunsu yadda ya kamata. Da yaƙi ya ƙare, sai suka ga Buchanan ne ya dace da aikin.

Ya sauka Ikko a ƙarshen 1919, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, 'yan watanni bayan rasuwar Sarki Abbas da naɗin Sarki Usman. Bai zauna cikin birni ba. Ya kafa zango a Fanisau, tsohon garin nan mai gidan sarki da gandaye, inda Clapperton ya iske Sarki Ibrahim Dabo a 1824. A rubuce-rubucensa Farniso ya kira garin, kuma da wannan karkataccen suna Fanisau ta shiga littattafan kimiyya har yau. Ya yi makonni a nan cikin hunturu yana koya wa samarin Hausawa biyu da ya ɗauka aiki yadda ake feɗe tsuntsu da ɓera ba tare da an ɓata fata ba.

Aikin yana da ƙa'ida mai tsanani. Da an kawo dabba sai a auna tsawon jiki da wutsiya da kunne da ƙafar baya, a rubuta rana da wuri da ko namiji ne ko mace, a feɗe, a shafa wa fatar magani, a cusa auduga, a shanya, a kuma tsabtace ƙoƙon kai a ɗaura masa lamba ɗaya da ta fatar, domin haƙora ne manyan shaidu wajen bambanta iri da iri. Kayan da ya tara a Fanisau ya aika da su gida tun kafin ya ci gaba, suka faɗa hannun Oldfield Thomas da Martin Hinton na gidan ajiye halittu na Landan. Shi Thomas mutum ne da ya raɗa wa dabbobi masu shayarwa kusan 2,000 suna a rayuwarsa, ba ƙaramin abu ke burge shi ba. Amma a 1920 suka buga bayani a mujallar Rothschild cewa a cikin 'yan ƙananan dabbobin gonakin Kano akwai waɗanda kimiyya ba ta san da su ba. Ga ɓeran Hausa da muka ambata. Ga wani ɓeran rairayi mai dogayen ƙafafun baya da suka kira Gerbillus nigeriae, wanda yanzu aka sani daga Sanagal har Chadi, kuma manoman gero na Nijar sun san ɓarnarsa, domin yana tone iri bayan shuka. Ga wani ɓera mai tara kitse da kaka ya shige rami ya kwanta har rani ya wuce, wanda suka sa wa Steatomys cuppedius. Ga wani ɗan ƙaramin ɓera mai jaka a kumatu da aka laƙaba wa sunan Buchanan, ga kuma wani ɗan'uwan bodari da aka ba sunan Rothschild.

Kowane yaro mai kiwo a Fanisau ya san waɗannan halittu tun kaka da kakanni, saboda haka kalmar ganowa da Turawa ke amfani da ita tana buƙatar a ɗan sa mata gishiri. Abin da ya zama sabo shi ne an ajiye su gefe da gefe da 'yan'uwansu na Masar da Sudan da Sanagal, aka ga inda suka yi kama da inda suka saɓa. Kuma a nan ne amsar farko ta fito: ƙananan namun Kano na bakin hamada ne, danginsu suna shimfiɗe gabas da yamma cikin wani dogon ɗamara na ƙasar ƙaya da gero, sun bambanta da na kurmin kudu ƙwarai.

Daga Damagaram Zuwa Bagzan

A farkon 1920 ya ɗaura wa raƙuma kaya ya bi hanyar fatake zuwa Damagaram, tafiyar mil 150 ko kusa, wadda a lokacin ita ce hedkwatar Faransawa a Nijar. A nan ya sami wata kyanwar daji mai hasken gashi, wadda Thomas da Hinton suka sa wa Felis haussa, ko da yake masanan baya sun mai da ita reshe kawai na kyanwar dajin Afirka. Daga nan ya shiga Damargu, ya sha wuya matuƙa wajen bin jimina cikin zafin bazara, ya kuma harbi barewar nan doguwa mai farin gindi. Sannu a hankali itatuwa suna gajarta, rijiyoyi suna nisa da juna, har ya isa Agadas.

Azbin ɗin da ya tarar ƙasa ce mai jinya. Shekara uku kafin zuwansa aka yi yaƙin Kawusan, wanda ya tsare Faransawa a barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, har sai da aka kawo musu ɗauki daga Damagaram, Ingilishi kuma suka taimaka daga Nijeriya. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe malamai, an ƙwace raƙuma, an kwashe mutanen arewacin Azbin an tara su kusa da Agadas, Sarkin Agadas Tagama kuma ya mutu a kurkukun Damagaram a cikin 1920 ɗin nan. Buchanan ya ratsa garuruwa na gine-ginen dutse ba kowa a ciki, ga gonakin dabino an bari. Da rakiyar da Faransawa suka ba shi ya yi yawonsa, kuma ya kalli Buzaye da idon mai mulki, yana ɗaukar waɗanda suka yi tawaye a matsayin 'yan fashi kurum. Mai karanta littafinsa a yau zai ci karo da maganganu na raini ga baƙar fata, irin waɗanda Turawan zamaninsa ke furtawa ko a jikinsu. Wannan aibi ne da ba a ɓoye shi, ko da yake bai rage ingancin awon da ya yi wa dabbobinsa ba.

Ya hau dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, ya zauna a kai makonni, daga bisani ya yi arewa ta Timiya har Iferwan. A cikin waɗannan duwatsu ya bi ragon dutse, dabba mai gemu har ƙirji da ƙaho kamar lauje, wanda ke hawa inda mutum ba ya iya sa ƙafa. Rothschild ya kira na Azbin da sunan angusi a 1921, domin girmama wanda ya kawo shi. Ya samo rema, ya samo ɓera mai gashi kamar ƙaya wanda aka raɗa wa sunan Azbin ɗin kanta, da wata dabbar tsaguwar dutse mai kama da ɓera marar doguwar wutsiya, wadda danginta ke Aljeriya. Kafin shekara ta ƙare ya komo Kano, bayan tafiyar raƙumi ta kusan mil 1,400, da akwatuna cike da fatun tsuntsaye da dabbobi da malam-buɗe-littafi. A 1921 littafinsa Out of the World North of Nigeria ya fito.

Da masanan Tring da Landan suka baje kayan, sai suka tarar Azbin mahaɗa ce. Ragon dutse ɗan arewa ne, irinsa na nan har duwatsun Maroko. Amma yawancin tsuntsaye da ƙananan dabbobin kwaruruka 'yan kudu ne, 'yan'uwan na Kano da Katsina. Hartert ya yanke cewa Azbin tana cikin yankin Afirka ta baƙar fata, iyakar kuma tana gaba da ita. Dalilin da ya sa haka ya ƙara fitowa fili bayan zamaninsu. Yanzu an tabbatar cewa tsakanin shekara 10,000 da 5,000 da suka wuce Sahara ƙasar ciyawa ce da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya ninka na yau sau da yawa. Mutanen wancan zamani sun sassaƙa hoton raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas. Da ruwa ya janye, manyan dabbobi suka yi kudu ko suka ƙare, amma duwatsu masu kama hadari suka riƙe ragowar. Shi ya sa har wa yau ake samun jan biri da gwaggon biri a wasu kwazazzaban Azbin, kewaye da hamada, ɗaruruwan mil daga 'yan'uwansu. Dutse a cikin rairayi tamkar tsibiri ne a cikin teku.

Farin Gashi

Tun da iyakar tana gaba, sai a bi ta. A watan Maris 1922 Buchanan ya sake tashi daga Kano, wannan karo da niyyar ƙetare Sahara gaba ɗaya, tare da mai ɗaukar hoton majigi T. A. Glover. Francis Rodd, wanda daga baya ya rubuta sanannen littafi a kan Buzayen Azbin, ya yi wani ɓangare na tafiyar da su. Da kaka suka bi ayarin gishiri, wanda ke tara dubban raƙuma, suka ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, inda ake kai gero a dawo da kantu da dabino, irin kantun da ke ƙarewa a kasuwannin Kano da Sakkwato. Suka komo Azbin, sa'an nan suka fuskanci arewa ta duwatsun Ahaggar da Tamanrasat da In Salah da Wargala, har suka isa Tuggurt, ƙarshen hanyar jirgin ƙasa a Aljeriya, a watan Yuni 1923. Tafiyar ta kai mil 3,500, ta ci wata 15 da ɗoriya. A Ahaggar ya ga abin da aka aiko shi nema, domin halittun kudu sun yi ƙaranci, na arewa sun rinjaya.

Daga cikin raƙuma sama da 30 da suka baro Kano, guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, shi ne wanda Buchanan ke hawa, wanda ake kira Farin Gashi. Isarsu ke da wuya raƙumin ya faɗi ya mutu. Da ya buga littafinsa Sahara a 1926, wannan raƙumi ya sadaukar wa littafin. Daga cikin barorinsa kuma biyu ne suka jure har Tuggurt, ya wuce da su Landan, inda aka nuna majigin tafiyar a 1924. Thomas ya yi bayanin dabbobin wannan tafiya a 1925, har ya sa wa wani ɗan ɓeran bishiya mai bujin wutsiya sunan matar Buchanan, Olga. Attajiri ya sami dabba da sunansa, matafiyi ya samu, matarsa ma ta samu. Masu haƙa ramuka da masu feɗewa da 'yan jagorar da suka san inda kowace rijiya take, ba a tuna da ko ɗayansu da wannan girma ba.

Bayan wannan bai sake wata tafiya da ta kai ta suna ba. Kayan da ya tara ma sun rabu biyu. Rothschild ya shiga matsin kuɗi, a farkon shekarun 1930 ya sayar da fatun tsuntsaye kusan 280,000 ga gidan ajiye halittu na New York, saboda haka tsuntsayen Fanisau da Bagzan suna Amurka, ƙananan dabbobin kuwa suna Landan. Hartert ya mutu a 1933, Rothschild a 1937, Buchanan kuma a 1954 yana da shekara 67.

Layin da suka sha wuyar nema bai tsaya inda suka ajiye shi ba. A 2001 wasu masana suka sake raba doron ƙasa zuwa ƙananan yankuna 867 bisa ga tsiro da ruwan sama da dabbobin kowane wuri. A cikin wannan rabo Anka da Gummi da Bukkuyum sun faɗa yankin dajin Sudan ta Yamma, mai kaɗanya da ɗorawa da kuka, Damargu tana cikin Sahel mai ƙaya, Azbin kuwa an ware duwatsunta daban. A 2013 kuma wani nazari da ya haɗa bayanan dabbobi fiye da iri 20,000 ya ba Sahara da ƙasar Larabawa matsayin babban yanki mai zaman kansa, watau abin da Wallace ya ɗauka layi ne ashe faffaɗar ƙasa ce mai nata halittu.

Amfanin fatun Buchanan a yau ya wuce abin da shi kansa ya zata, domin sun zama shaidar abin da ƙasa ta ƙunsa a 1920. Mariri, wanda ke yawo garke-garke a Damargu a zamaninsa, an bayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka soma mai da waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje cikin dajin Chadi. Barewa mai farin gindi 'yan ɗaruruwa suka rage a daji. Jimina ta ɓace daga Azbin, ko da yake an mai da yankin gandun kiyaye namun daji a 1988. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya ragu har zuwa 49 a 1996, duka a wajen Kure kusa da Yamai, amma da manoma da hukuma suka haɗa kai ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Farauta da mota da bindigar zamani, da farin 1973 da na 1984, da faɗaɗar gonaki, su suka yi wannan aiki cikin ƙasa da shekara ɗari.

Hanyar Buchanan ba ta bi ta yammacin Zamfara ba, domin arewa aka aike shi. Amma labarin bai bambanta ba. Giwayen da a da ke kai da kawowa tsakanin Kuyambana da Kamuku, da gwanki da ɓauna da zakin da tsofaffin maharba ke ba da labari, sun zama abin tatsuniya ga yaron da aka haifa a Gummi ko Bukkuyum a wannan ƙarni. Dazuzzukan da suka rage kuwa an fi jin sunansu a labarin haƙar zinariya da na 'yan bindiga, kuma ba mai nazarin da zai iya kafa zango a cikinsu ya yi makonni kamar yadda aka yi a Fanisau. Ita kanta Fanisau birni ya cim mata, jiragen sama suna sauka a gefenta. Ɓeran Hausa dai yana nan cikin gonakin gero daga Sanagal har Chadi, kuma masu lissafin halittun da ke cikin haɗari ba su sa shi a jerin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu ba.